Rimot Ɗin Malam Rabo

Ranar da abin ya fara, Yahuza ya dawo gida ana gab da kiran magariba. Ya jingine mashin ɗinsa a zaure, ya tsaya yana miƙe bayansa. Tun safe yake sunkuye a kan talabijin ɗin mutane a rumfarsa ta gyara da ke bakin kasuwar Faskari, idanunsa sun yi ja saboda hayaƙin dalma. Matarsa Larai tana madafa tana kwashe tuwo. Ƙanwarsa Hussaina tana tsugune bakin rariya tana wanke zanen gadon mahaifinsu, na uku ke nan a ranar. Bayan sannu da zuwa ba wanda ya ƙara cewa komai. Gidan ya saba da irin wannan shirun tun da aka ɗauko Malam Rabo daga Daudawa wata bakwai da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa a ɗaure.

Ladan ya ɗaga murya. Yahuza ya ɗauki buta. Bai kai ga zuba ruwa a hannu ba sai talabijin ɗin ɗakin tsohon ya kunnu, da ƙarar da ba a taɓa jin ya yi ba. Wani mai karanta labarai ne yake magana, amma muryar ta cika gidan har kwanon rufi yana amsawa. Kaji suka watse daga bakin akurki. Hussaina ta saki wankin ta ruga ɗakin, Yahuza ya bi bayanta.

Malam Rabo yana kwance yadda aka bar shi. Rimot ɗin yana kan ƙirjinsa, hannunsa na hagu a kai. Ba talabijin yake kallo ba. Idanunsa suna kan ƙarshen gadon, wajen ƙafafunsa, inda babu komai sai bango.

"Baba, ana kiran salla fa," in ji Yahuza. Ya kashe talabijin ɗin, ya fita ya ƙarasa alwalarsa.

Shi da kansa ya kawo rimot ɗin gidan. Da farko guda uku ne a gefen gadon: na talabijin, na dikoda, da na fankar sama da ya haɗa wa tsohon da wutar sola. Hannu ɗaya ba ya iya musu, kullum sai ɗaya ya faɗa ƙarƙashin gado. Sai Yahuza ya samo irin wanda ake ce wa gama-gari, wanda ke iya magana da kowace na'ura in an koya masa yarenta. Ya zauna wata Juma'a ya shigar masa da lambar dikodar daga cikin takardar da ya zo da ita. Talabijin ɗin tsoho ne, ba lambar da ta karɓe shi, don haka ya haɗa hancin tsohon rimot da na sabon, yana latsa maɓalli ɗaya bayan ɗaya har sabon ya haddace su duka.

Ya yi wa mahaifinsa bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa masu kawo gyara. Akwai ɗan ƙwai a hancin rimot ɗin, yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Hasken ƙyaftawa yake yi, gajera da doguwa, kowane maɓalli da irin tasa ƙyaftawar. Talabijin da dikoda suna da ɗan ido a gaba da ke karanta shi, shi ya sa sai an saita su, kuma ko zane aka rataya a tsakani ba za su ji ba. Fanka kuwa da saƙon rediyo take aiki, ba ruwanta da saiti, ko daga ƙarƙashin bargo aka latsa za ta amsa, ko da bango a tsakani. Ya ɗiga farin fenti a kan maɓallai huɗu don tsohon ya gane su. Ranar Malam Rabo ya kunna fanka ya kashe ya fi sau goma, rabin bakinsa mai motsi yana murmushi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana juya garma da shanu, abin da ya rage yana ba umarni ya bi ke nan a duniya.

Yahuza ya ji daɗin wannan murmushin. Ya kuma ji, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, kamar ya sauke wani nauyi. Daga ranar in ya dawo sai ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ce "Baba, ya jiki?", ya ga hasken talabijin yana wasa a fuskar tsohon, ya wuce ɗakinsa.

Washegari da magariba talabijin ɗin ya sake kunnuwa da irin wannan ƙarar. Haka jibi. Haka gata. Kullum daidai lokacin da rana ta faɗi, hasken tsakar gida ya koma kalar toka. Kullum Hussaina ce ke fara isa. Ita ce mai jinyar tun farko. Mijinta ya rasu bara, ba ta da ɗa, sai kowa ya ga ai ita ce ba ta da abin yi. Ita ke juya shi, ita ke goge shi, ita ke ɗura masa kunu cokali cokali. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Wani lokaci Larai takan same ta tsaye a tsakar gida da bokiti a hannu, idanu a buɗe, ta manta inda za ta.

A rana ta shida maƙwabcinsu Sha'ibu ya tare Yahuza a ƙofar masallaci. "Don Allah a riƙa rage ma Baba ƙara. Jiya liman sai da ya maimaita karatu."

Yahuza ya shiga gida ransa a ɓace. Ranar ya yi fama da wani talabijin da ya ƙi gyaruwa, mai shi ya zage shi a gaban mutane. Ya wuce kai tsaye ɗakin tsohon.

"Baba, abin ya isa haka. Kawo shi."

Malam Rabo ya damƙe rimot ɗin. Bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba magana ba ne. Ya juya ido zuwa ƙarshen gadon, ya dawo da su kan ɗansa, ya sake mayarwa.

"Yaya, bar mashi," in ji Hussaina daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa ƙasa. "Shi kaɗai gare shi."

"Gobe in ya yi hankali a maido mashi."

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta, amma bai janye ta ba. Ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya. Akwai sauran ƙarfin noma a cikinsu. Da ya karɓe, ya ga hawaye ya gangaro daga idon hagu ya shiga kunne. Ya sa rimot ɗin a aljihu ya fita.

Washegari yana zaure yana cire takalmi, rimot ɗin yana aljihun rigarsa, ladan ya ce Allahu akbar, talabijin ya kunnu.

Yahuza ya daɗe tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Sannan hankalinsa ya tafi inda ya saba tafiya, wato wajen sana'a. Ya san saƙon rediyo yana ratsa bango, ya kuma taɓa ganin rimot ɗin wani gida yana kunna fankar maƙwabta. Ya shiga wajen Sha'ibu ya ce a nuna masa nasu. Mai haske ne, irin na kowa, ga bango biyu a tsakani. Duk da haka suka gwada: Sha'ibu yana latsawa daga ɗakinsa, Yahuza yana tsaye gaban talabijin ɗin Baba. Ko motsi. Dama ya sani. Tsohon talabijin ɗin ba shi da kunnen jin rediyo, ido kawai gare shi. In ya kunnu, to wani abu ne ya haska masa daga cikin ɗakin.

Akwai dabarar da yake yi a rumfa in an kawo rimot ana cewa ya mutu. Yakan buɗe kyamarar waya ya saita hancin rimot ɗin ya latsa. Abin da ido ba ya gani, kyamara tana gani: ɗan haske fari mai sirkin shuɗi yana ƙyaftawa. Rana ta gaba ya rufe rumfa da wuri. Ya cire batiran rimot ɗin ya bar su a aljihun mashin. Ya zauna kan kujera a kusurwar ɗakin tsohon, waya a hannu, yana jira.

Ɗakin yana warin man zafi da fitsarin da sabulu bai gama kashewa ba. Bai taɓa zama a cikinsa ya kai minti goma ba sai ranar. Ya lura da ƙudaje uku a gefen bakin mahaifinsa, ya lura tsohon ba ya iya korar su in suna ɓarin dama. Kofin ruwa yana kan tebur, nesa da hannun hagu da kamar taki ɗaya. A waje ana jin Hussaina tana jan guga.

Haske ya fara janyewa daga taga. Ya ɗaga wayar yana bin ɗakin da ita a hankali: ƙofa, tebur, sallaya a rataye, gado. Da ya iso ƙarshen gadon sai ya gani. Ɗan haske fari mai sirkin shuɗi, a tsaye cikin iska, daidai tsayin hannun mutumin da ke zaune a bakin katifa. Ya ƙyafta, gajera, gajera, doguwa. Talabijin ya kunnu. Hasken ya ci gaba da ƙyaftawa da sauri, ƙara tana hawa.

Ya sauke wayar. Babu komai a wurin. Ya ɗaga. Hasken yana nan, kuma a hankali ya juyo ya fuskance shi.

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya fizge wayar wutar daga soket, ya ciro baƙin salatif daga aljihu ya liƙe idon talabijin ɗin da na dikoda, bakinsa yana a'uzubillahi. Da ya juyo, mahaifinsa yana kallonsa. Ba tsoro a idon tsohon. Kallon mutumin da ya gaji da faɗar abu ɗaya ne ba a ji ba.

"Ba kai ba ne, Baba," in ji Yahuza.

Kwana biyu gidan ya yi shiru. Larai ta yi turaren habbatus sauda, ta hana kowa zubar da ruwan zafi a rariya. A rana ta uku da magariba aka fara jifa. Ba manyan duwatsu ba ne, tsakuwa ce, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk a kan rufin ɗakin tsohon suke sauka. Sha'ibu ya hau katanga ya duba lungu, ba kowa. Fankar ɗakin ta fara juyawa da kanta, ta tsaya, ta sake juyawa. Larai ta shige ɗakinta ta ja ƙofa tana salati.

Rana ta huɗu ba a yi jifa ba. Yahuza ya dawo daga masallaci ya tarar da tukunya tana ƙonewa a kan murhu, bokiti a kife bakin rijiya. Ya kira Hussaina, ba amsa. Ya same ta a ɗakin Baba, zaune a ƙarshen gadon, daidai wurin. Bayanta a tanƙware kamar na tsohuwa. Babban yatsanta na dama yana danna tafin hannunta na hagu, yana dannawa, yana dannawa.

"Hussaina."

Ta ɗago kai. Fuskar tata ce, amma muryar da ta fito ta wata ce, busasshiya, mai jan numfashi.

"Ka rufe mani bakin ƙarfe," in ji muryar. "Na samu na mutum."

Da safe suka kai ta asibiti. Aka auna ta, ba zazzaɓi, jininta ya yi ƙasa kaɗan. Aka ƙara mata ruwa, aka ce gajiya ce, ta huta. Tana dawowa gida ta wuce ɗakin ta koma wurin zamanta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa sunanta.

Jinyar ta koma hannun Yahuza, don ba yadda za a yi suruka ta tuɓe surukinta. Ranar ya fara ɗaga mahaifinsa shi kaɗai. Ya yi mamakin nauyinsa, mutumin da ya rame haka. Da ya juya shi sai ya ga gyambo biyu a ƙugu, an wanke su tas an shafa magani. Bai san da su ba. Bai san sau nawa ake juya shi a rana ba, bai san inda ake ajiye tsummokaran ba, sai da Larai ta nuna masa daga bakin ƙofa. Kafin azahar bayansa ya riƙe. Duk wannan yana yi ƙanwarsa tana zaune taki biyu daga gare shi, tana bin sa da idanun da ba nata ba.

Sha'ibu ne ya ambaci Malam Almu na Pauwa, can ƙasar Ƙanƙara. Aka yi masa waya. Ya ce zai taho da hantsi, don ba a bin hanyar in rana ta karkata saboda 'yan bindiga, kuma sai dai a ba shi wurin kwana. Ya iso bayan azahar a bayan ɗan acaɓa, dattijo siriri mai furfura, ba jaka ba tarkace, sai carbi da gorar ruwa. Ya saurari Yahuza har ƙarshe bai katse shi ba. Da aka zo maganar hasken da kyamara ta nuna, sai ya gyaɗa kai kawai.

"Abin da ido bai gani yana da yawa," in ji shi. "Kai ka san ɗaya, ka ci abinci da shi. A ba ni ruwan alwala."

Bayan la'asar ya shiga ɗakin. Ya fara gaida Malam Rabo, ya riƙe hannunsa na hagu ya daɗe. Ya sa Larai ta lulluɓe Hussaina da babban mayafi ta zauna kusa da ita, Yahuza ya tsaya bakin ƙofa. Sannan ya zauna kan tabarma ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, murya ɗaya ba hawa ba sauka.

An daɗe ba abin da ya faru. Inuwar taga ta tashi daga ƙasa ta hau bango. Sai yatsan Hussaina ya daina dannawa. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe kunnuwa, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Ya isa. Ni ba mai faɗa ba ce."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Ya ishe ka."

"Daga ina?"

"Gawon da ke tsakiyar gonar wanga bawan Allah, a Daudawa. Tun kakanshi ina nan. Shekara arba'in shina zama ƙarƙashina in rana ta yi zahi, bai taɓa zama bai yi sallama ba. Damina ukku ba a noma gonar ba, kowa ya gudu. Masu gawayi suka zo suka sare itacen." Ta ja numfashi. "Ina za ni? Dajin ya cika da ƙara. Na biyo wanda na sani."

"Kin biyo shi ki hana shi sakat?"

"Zama kawai na yi wajen ƙafafunshi. Sai wancan," ta nuna Yahuza da haɓa ba tare da ta dube shi ba, "ya kawo abin walƙiya. Ku ba ku ganin shi. Ni kowane latsi cikin idona yake sauka. Na rasa yadda zan yi, na zauna ina kallo. Wanga gajera biyu da doguwa, wanga doguwa ukku. Har na iya."

"To don mi kike tada mutane da magariba?"

Da ta sake magana, muryar ta ƙara yin ƙasa.

"Daga azahar yarinyar tana wanki, tana jan ruwa, tana daka. Ita ɗaya. Shi kuma shina kwance ɓari guda, ƙishi na cin shi, ga ruwa shina gani. Shina kira a cikinshi. Ku ba ku ji, ni ina ji. Tun azahar har faɗuwar rana, kullum. Na gaji da ji. In na tada ƙarar, wani na shigowa." Sai ta juyo da fuskar Hussaina gaba ɗaya wajen ƙofa. "Kai ka ba shi abin latsawa don kada ka zauna da shi. Sannan ka ƙwace."

Larai ta sunkuyar da kai. Yahuza ya dafa ƙyauren.

"Ba a kira ki shari'a ba," in ji Malam Almu, muryarsa ba ta canza ba. "Kin ce tausayi ya kawo ki. Wadda kika shiga fa? Kwana biyu ba ta ci ba. Wanga shi ne tausayin?"

"A buɗe na same ta. Ba kowa a ciki, ta gaji ta bar wurin. Bar mani ita, Malam. Ba ni cutar da ita."

"Ba taki ba ce."

"To bar mani ƙarshen gadon. Ba ni ƙara taɓa komi."

"Ɗakin mutane ne."

"To in jira shi. In ya tahi in tahi. Ai bai daɗe."

"Ba ki san ranar kowa ba, ba ki san taki ba. Ki ji tsoron Wanda ya yi ki ya yi mu." Ya ɗaga murya kaɗan ya koma karatu. Jikin Hussaina ya lanƙwashe, Larai ta rungume ta tana kuka. Fankar sama ta fara juyawa a hankali, tana ƙara gudu, har mayafin yana kaɗawa. Tsakuwa ta sauka a kan kwano, ɗaya, biyu, sannan da yawa kamar farkon ruwan sama. Malam Almu bai ɗaga kai ba.

"Na ji! Na ji, zan hita."

Malam ya dakatar da karatu. Jifan ya tsaya.

"Abu biyu nike roƙo. Garin nan iskarshi cike take da kiraye-kirayenku, ko'ina ƙyaftawa, ko'ina tsuwa, ba ni ganin hanya. A kashe na gidan nan duka har in wuce."

Malam Almu ya dubi Yahuza. "Wannan ba laifi. Je ka."

Yahuza ya fita. Ya cire kan batirin sola, ya kashe wayarsa da ta Larai da ta Malam, ya zare batirin ƙaramin rediyon madafa. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Bai taɓa jin gidan ya yi shiru irin haka ba. Har numfashin tsohon ana ji daga tsakar gida.

"Na biyu fa?" in ji Malam Almu.

"In yi mashi sallama."

Malam ya ce, "Daga inda kike. Kada ki taɓa shi."

Hussaina ta juya wajen gadon. Muryar ta ce, "Rabo, na tahi. Gawon ma babu shi, kada ka sa rai." Malam Rabo ya dube ta. A hankali ya ɗaga hannunsa na hagu daga kan bargo, kamar tsayin tafi ɗaya, ya riƙe shi a sama yana karkarwa, sannan ya sauke.

Malam Almu ya ɗauki alkawari daga bakinta sau uku cewa ba za ta dawo ba, ba za ta shiga wani ba. Ya tofa a ruwan gorarsa ya yayyafa. Hussaina ta yi atishawa, ta sake, ta sake, sai jikinta ya saki ta zube a cinyar Larai. Labulen ƙofa ya ɗaga kaɗan ya koma, ko da yake ba iska. Can sai ga muryar ladan.

Bayan salla suna zaune a zaure, Yahuza ya kasa cin tuwon da aka kawo. "Malam, abin da ta faɗa..."

"Maƙaryata ne," in ji Malam Almu yana wanke hannu. "Rabin maganarsu zubarwa ake yi. Wane rabin ne, kai ka fi ni sani, gidanka ne."

Abin bai sake dawowa ba. Yahuza ya ɓare salatif ɗin, ya mayar da batira, ya durƙusa gaban gadon ya sa rimot ɗin a hannun mahaifinsa ya nemi gafara. Tsohon bai latsa komai ba ranar. Ya saki rimot ɗin ya kama hannun rigar ɗansa, ya riƙe har barci ya ɗauke shi. Daga nan Yahuza ya koma rufe rumfa da azahar. Wasu masu kawo gyara suka koma wajen wani, bai bi su ba. Malam Rabo ya ƙara wata biyar a duniya, ya rasu wata Talata da hantsi, kansa a kan cinyar ɗansa.

Hussaina ba ta tuna komai daga kwanakin nan ba, kuma ba wanda ya matsa mata da labari. Bayan tafiyar tsohuwar, barci ta yi, na kwana ɗaya da yini. Larai takan leƙa ta sa hannu kusa da hancinta don ta tabbatar. Sai la'asar ta rana ta biyu ta farka a firgice, ta fito ba ɗankwali tana tangaɗi, tana cewa, "Baba! Ban juya Baba ba!"

Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Yahuza yana zaune a gefen gadon da kofin kunu, rabin kunun a rigarsa, yana jiran tsohon ya haɗiye.

"Na juya shi," in ji shi. "Na goge shi, na sa maganin. Koma ki kwanta."

Ta daɗe tana dubansu, hannunta a jikin ƙyaure. Ta dubi yadda aka kwantar da tsohon, ta dubi bargon, ta dubi ƙafafun.

"Ka sa mashi matashi tsakanin gwiwoyi?"

"A'a."

"Sa mashi. In ba haka ba suna gogar juna."

Ya ajiye kofin ya tashi neman matashi. Kafin ya samo ya gyara ƙafafun ya leƙo tsakar gida, ta kwanta a kan tabarmar da ke ƙofar ɗakin, ko nata ɗakin ba ta kai ba, barci ya sake ɗauke ta.